Kamfanonin kula da tsofaffi a gida a Abuja: me kuɗinku ke saya, nawa ke isa hannun mai jinya?

Iyalin da aka sallamo musu uba ko uwa daga Asibitin Ƙasa, ko daga asibitin koyarwa na Gwagwalada, bayan shanyewar ɓarin jiki ko karayar ƙugu, tun a mota suke fara tunanin wanda zai zauna da shi. A Kano ko Zariya ba a rasa gwaggo, surukai, jikoki da maƙwabtan da za su riƙa karɓar juna. A Abuja kuwa mata da miji duk sun fita kafin ƙarfe bakwai, yara suna makaranta, sauran 'ya'yan wani na Legas wani na Ingila. Wannan giɓi ne ya haifar da kamfanoni masu zaman kansu da ke turo mai jinya har gida, ana biyansu wata-wata.

Hukuncina a kan hidimar tun kafin a yi nisa: ta cancanci a biya kuɗinta, kuma ta fi ɗauko yarinya daga ƙauye nesa ba kusa ba. Sai dai ingancinta ya sha bamban ƙwarai daga kamfani zuwa kamfani, kuma abu biyu ne ke raba su. Na ɗaya, ko akwai nas ta gaske da ke leƙa aikin a kai a kai. Na biyu, yadda kamfanin ke riƙe da ma'aikaciyar da ya turo muku. Na biyun ne iyalai suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali daga nan yawancin koke-kokensu ke tasowa.

Iri uku ake sayarwa. Akwai ziyara ta awa biyu zuwa huɗu, a zo a yi wanka, a ba da magani, a wanke ciwo a tafi. Akwai aikin yini ko na dare na awa 12. Akwai kuma mai kwana a gidan. Ziyara ta dace da dattijon da ke iya tashi ya shiga banɗaki da kansa. Aikin awa 12 shi ne ya fi tsari, shi na fi yabawa. Mai kwana ita ce aka fi nema saboda ta fi araha, kuma a nan ne aka fi samun ɓarna. Zan dawo kanta.

Ku fara sanin wa aka turo muku. Farar riga ba ta mai da mutum nas. Nas ita ce mai rajista da Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, tana da lasisin da ake sabuntawa. Jami'an lafiyar al'umma su ma suna da tasu hukumar rajista. Sauran mataimaka ne da suka yi kwas na 'yan makonni ko watanni, kuma ba aibu ba ne: wanka, tsarki, ciyarwa, juyawa da ɗebe kewa aikinsu ne, da yawansu ma sun fi nas haƙuri a kansa. Aibun shi ne a caje ku kuɗin nas a turo mataimakiya, ta riƙa yin allura, ko canza robar fitsari, ko mayar da robar hanci ta ciyarwa idan ta fita. Robar hanci da aka zura ba daidai ba tana iya faɗawa hanyar iska, kunun da aka ɗura ya tafi huhu. Ku nemi ganin lasisi da idonku, ku dubi suna da hoto da ranar ƙarewarsa.

Kamfanin kirki ba ya yanke farashi ta waya. Sai ya turo nas ta ga mara lafiyar, ta karanta takardar sallama daga asibiti, ta tattara magungunan gidan duka a tire ɗaya har da na gargajiya, ta duba fatar jikinsa daga ƙeya zuwa diddige, ta ga yadda yake haɗiya da yadda yake tashi, ta leƙa banɗaki. Daga nan sai a rubuta tsarin kula na shafi ɗaya ko biyu: ƙarfe nawa ake me, me za a auna, wace alama ce za ta sa a kira nas, wacce za ta sa a nufi asibiti kai tsaye, kuma wane asibiti. Wanda ya ce muku "ku tura kuɗi, gobe da safe za ta zo" bai san abin da zai tarar ba, ita ma wadda zai turo haka.

Inda ake gane aiki: fata, haɗiya, magani

Ga mai kwance, gyambon kwanciya ne babban ma'auni. Nauyin jiki ke danne jijiyoyin jini tsakanin ƙashi da katifa, fata ta rasa jini, ta fara mutuwa, wani lokaci cikin 'yan awanni. Wuraren da ya fi kamawa su ne ƙasan gadon baya, kwatangwalo, diddige, idon sawu, allon kafaɗa, gwiwar hannu da ƙeya. Ƙa'idar da aka saba ita ce a juya shi duk awa biyu, dare da rana, a karkata shi kaɗan a tokare bayansa da matashi maimakon a ɗora shi kacokan a kan ƙashin kwatangwalo, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a sa wani ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya rataya a iska. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba. Abin dubawa shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko sheƙi, ko ɗumi, ko tauri. Ba a murza irin wannan wuri, ba a gasa shi da ruwan zafi, ba a shafa masa man zafi. Sauke masa nauyi ake yi. Ma'aikaciyar da ta samu horo ta san wannan duka. Wadda ba ta samu ba za ta cika wurin da hoda, ta rufe da kunzugu, sai ranar da wari ya tona.

Kamfanonin da suka san aiki suna ajiye takardar juyawa a gefen gado: lokaci, ɓangaren da aka kwantar da shi, sa hannu. Ku riƙa dubawa. In kun ga an cike layukan yini guda da biro ɗaya da rubutu iri ɗaya tsaf, da alama a zaune ɗaya aka cike su. Katifar iska mai injin da ke hurawa tana taimakawa, amma ba ta ɗauke juyawa, kuma da zarar an ɗauke wuta ta fara sacewa, sai dattijo ya koma kan abin da ke ƙarƙashinta. In gidan ba inbata ko sola, a shimfiɗa ta a kan katifar soso mai kauri, kada a kan katako ko ƙarfen gado.

Ɗagawa ma haka. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba a jan hannun da ya mutu, domin naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, ja kaɗan ke gurɗa ta, ciwon kuma ya daɗe. A kulle birkin keken, a ajiye shi ta ɓangaren da ke da ƙarfi, ƙafafunsa su taka ƙasa sosai kafin a miƙar da shi. Wanda ba ya iya ɗaukar nauyin kansa ko kaɗan mutum biyu yake buƙata, a ja shi da zanin da aka shimfiɗa ƙarƙashinsa. Kamfanin da ya turo mace ɗaya ga namiji mai jiki wanda ba ya tsayuwa ya sayar muku da faɗuwa, ita kuma ya saya mata ciwon baya.

Wajen ciyarwa, a zaunar da shi tsaye cak, kansa ya ɗan sunkuya gaba, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin na gaba, sannan ya ci gaba da zama aƙalla minti 30 bayan ya gama. Ruwa tsinkakke ne ya fi sarƙe masu matsalar haɗiya, shi ya sa kunu mai kauri da fate mai laushi suka fi musu sauƙi fiye da koko mai ruwa-ruwa. Tari a lokacin ci, murya mai gurgura bayan haɗiya, abinci maƙale a kunci, zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu bayan sarƙewa, duk abin kiran nas ne, domin ta haka limoniya ke shiga. A wanke baki safe da dare ko da ta roba ake ciyar da shi. Jakar fitsari kuwa ta zauna ƙasa da mara, kada ta taɓa ƙasa, a zubar kafin ta cika, a rubuta adadi da launi.

Magani ne ya fi ba ni tsoro a wannan hidima, saboda kuskurensa ba ya ihu. Dattijo ɗaya na iya shan na hawan jini, na suga, na tsinka jini da na barci, ga kuma jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya ke kawowa. Abin da ya kamata a gani shi ne takarda ɗaya mai jerin magunguna da lokutansu, da akwatin magani mai gidajen kwana bakwai wanda nas ko wani tsayayye a iyali ke cikawa. Mai shan maganin suga ko mai allurar insulin, in ya ƙi cin abinci, sugansa na iya faɗuwa: gumi, rawar jiki, ruɗewa, faɗa ba dalili. In na'ura ta nuna ƙasa da 70 (mg/dL), kuma yana iya haɗiya, a jiƙa masa suga cikin babban cokali ɗaya a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. In ya fita hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake nufa. Insulin da ba a buɗe ba a firji take zama, ba a gidan ƙanƙara ba. Wadda aka buɗe kusan kwana 28 take yi in zafi bai wuce digiri 30 ba, Abuja kuwa a watan Maris da Afrilu tana wuce haka. Ku yi wa ma'aikaciyar waɗannan tambayoyi a ranar farko, cikin mutunci. Ku ƙara da alamun shanyewar ɓarin jiki: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Amsar daidai ita ce a duba agogo a tafi asibiti nan take, ba a tsaya jiran oga ya dawo daga ofis ba.

Akwai ɓangaren da kamfanonin Abuja da dama ba su kai ba tukuna, wato dacewa da gidan Bahaushe. Ba kowannensu ke da masu jin Hausa ba, mai ruɗewar tsufa kuma sau da yawa Turancin da ya koya da girma ke fara kuɓuce masa, ya koma harshen uwa. Tsohuwar da ba ta iya cewa "marata na ciwo" a fahimce ta sai ta koma ture hannu da ƙin abinci, a rubuta cewa tana da rigima. Haka batun jinsi: Alhajin da bai taɓa buɗe jikinsa gaban wata mace ba zai gwammace ya riƙe fitsari ya ƙi shan ruwa, daga nan sai ciwon mara da bushewar jiki. Maza masu wannan aiki sun yi ƙaranci, don haka ku nema da wuri. Addinin ma'aikaciya ba shi ne abin dubawa ba. Ana iya koya wa kowa yadda ake tsarki da ruwa, da taimaka wa mutum ya yi alwala ko taimama, da juya shi ya fuskanci alƙibla, da tuna masa lokacin sallah. A rubuta su cikin tsarin kula kamar yadda aka rubuta magani. Dattijon da aka kiyaye masa sallarsa da suturarsa ya fi ba da haɗin kai a komai. Kuma a kira shi Baba ko Alhaji, a kira ta Hajiya ko Inna, a nemi izini kafin a yaye mayafi.

Lissafin da ba a nuna muku

Yanzu ga maganar kuɗi. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar a Yulin 2024. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai aiki kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce a zuba kashi 1 cikin ɗari na albashi a asusun NSITF, wanda shi ke biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Kenan ma'aikaciya ɗaya a kan mafi ƙarancin albashi tana cin kamfani kusan naira 77,700 a wata, kafin horo, safar hannu, albashin nas mai dubawa, hayar ofis da riba.

Ku ɗora wannan a kan mai kwance da ke buƙatar ido dare da rana. Mako ɗaya awa 168 ne, wato zubi 14 na awa 12. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun yini guda, awa 24 a jere, cikin kowane kwana bakwai, don haka mutum ɗaya zubi shida ne iyakarsa. Mutum biyu sun ɗauki 12, saura biyu sai mai karɓa ta uku. Albashinsu da kuɗin fansho da na NSITF kawai sun kai kusan naira 181,300 a wata. Duk wanda ya yi muku alkawarin kula ta awa 24 a ƙasa da haka, to ɗayan biyu ne: ko ana biyan ma'aikatan ƙasa da mafi ƙarancin albashi, ko mutum ɗaya ce ke yin aikin mutum uku. Araha ba ta ado.

Nan ne matsalar mai kwana take. Tana da amfani ga dattijon da ke barcinsa da dare, wanda ake so dai a samu mutum a kusa. Amma ba a tashi mutum duk awa biyu ya juya mara lafiya, gari ya waye ya yi wanka da ciyarwa da wanki, a maimaita wata guda ba hutu, sannan a yi mamakin gyambo. Ba mugunta ba ce ke hana juyawar ƙarfe biyu da ta ƙarfe huɗu na dare. Jiki ne ya gaza. Gajiyar nan ce ke zama tsawa, da gaggawar ɗura abinci, da ɗaure hannun mai ruɗewa a jikin gado. Ba na wanke mai cin zalin tsoho, ko kusa. Amma wanda ya tsara aikin haka, da wanda ya biya kuɗinsa yana sane, suna da kaso a laifin.

Ko albashin ya kai 70,000, a raba shi a kwana 26 na awa 12: kusan naira 2,700 a yini, naira 224 a awa. Masu wannan aiki ba a Maitama ko Asokoro ko Gwarinpa suke kwana ba. Daga Mararaba, Masaka, Nyanya, Kubwa, Zuba, Lugbe ko Suleja suke tasowa, kuɗin mota kuma ya yi tashin gwauron zabi tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Wadda za ta karɓi aiki ƙarfe bakwai a Wuse daga Masaka sai ta fito da asuba ta shiga cunkoson Nyanya zuwa mahaɗar AYA. In kuɗin mota ya cinye rabin abin da ta samu a yini, makara da fashi da barin aiki ba zato sun zama dole. Kowace sabuwar fuska kuma sai ta fara koyon dattijon daga tushe, wanda ga mai ruɗewar tsufa tashin hankali ne na gaske. Kamfanin da ke haɗa ma'aikaci da gidan da ke kusa da unguwarsa, ya kuma ware kuɗin mota daban da albashi, ya fi riƙe ma'aikata, kuma ana ganin haka a jikin mara lafiya.

Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta fansho kuma daga 15 take zama tilas a kamfani mai zaman kansa. Ƙananan kamfanoni na fakewa da wannan, wasu kuma su ce su dillalai ne kawai, la'ada suke karɓa. To, ku tambaya ƙarara: wa ke biyan ma'aikaciyar albashi, ku ko mu? Cikin abin da muke biya nawa ke shiga asusunta, kuma ran nawa ga wata? In ta yi rashin lafiya wa ke karɓarta, kuma ana yanke mata? Kamfanin da ke da gaskiya ba ya jin nauyin waɗannan tambayoyi. Bayan wata ɗaya ku tambayi ita ma'aikaciyar a keɓe ko an biya ta. Akwai masu riƙe albashin watan farko a matsayin jingina, da masu karɓe takardun makaranta na asali, da masu yanke tara saboda makara. Dokar ƙwadago ta hana yanke tara daga albashi, ta wajabta ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku, ta ba shi hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki da hutun rashin lafiya har kwana 12 da albashinsa.

Wa ke sa ido? A Ingila akwai hukumar CQC tun 2009, mai rajistar masu irin wannan hidima, tana duba su, tana ba su daraja hawa huɗu da kowa zai iya karantawa a intanet kafin ya biya. A nan sai mutum ya bi ƙofa-ƙofa. Rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, tana nuna kamfanin na nan a doka, ba ta ce ya iya jinya ba. Mai samar da ma'aikata don kuɗi yana buƙatar lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Mai ba da hidimar lafiya a Abuja yana ƙarƙashin kwamitin rajistar cibiyoyin lafiya masu zaman kansu na sakatariyar lafiya ta Babban Birnin Tarayya. Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa hannu a dokarta a 2018 ta kuma fara aiki a 2021 ƙarƙashin Dakta Emem Omokaro, ta yi aiki da hukumar ilimin fasaha ta NBTE wajen fitar da ma'aunin horar da masu kula da tsofaffi. Ku tambayi kamfani ko horonsa na bin wannan ma'auni, ku ga takardar. In an cuce ku a ciniki, hukumar kare masu saye ta FCCPC ce wurin kai ƙara. In duka ne ko cin zarafi, na dattijon ko na ma'aikaciyar, dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 tana aiki a Abuja, kuma NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ke riƙe da ita. Abin da nake ganin ya fi gaggawa shi ne a samu rajista guda ta masu wannan hidima, a riƙa dubawa ba sanarwa, a wallafa sakamako, kuma biyan albashi a kan kari ya shiga cikin abin da ake aunawa, daidai da tsabta da horo.

Batun yarinyar ƙauye kuwa gajere ne. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana sa yaro ɗan ƙasa da shekara 18 aikatau a wajen gidansu. Yarinya 'yar shekara 13 ba ta iya ɗaga babba, ba ta karanta sunan magani, ba kuma ta da bakin cewa ta gaji.

Su ma iyalai suna da nasu. An kawo mai jinya, mako bai cika ba ta zama mai girkin gida, mai wankin yara, mai zuwa kasuwar Wuse cefane, dattijon na kwance shi kaɗai a ɗaki. Aikinta shi ne shi: jikinsa, abincinsa, kayan sawarsa, ɗakinsa. Mai kwana tana buƙatar katifa da gidan sauro, wurin ajiye kaya mai makulli, abinci sau uku irin wanda gidan ke ci, da ranar hutunta wadda ɗaya daga cikin 'ya'ya zai karɓa. A tanadi safar hannu, sabulu, kunzugun manya, leda ta shimfiɗa, man shafawa mai kare fata da bokitin shara mai murfi. Ba a ce mata ta wanke safa ta sake sawa. Kuɗi, gwal da katin banki a kulle su tun kafin ta zo, wannan kariya ce gare ta kamar yadda yake gare ku, domin duk abin da ya ɓata a gida baƙo ake fara kallo. In za a sa kyamara a gaya mata, a rubuta a yarjejeniya, kuma kada ta kalli inda ake yi wa dattijo tsarki ko wanka. Mutum ɗaya a iyali ya zama mai ba da umarni. Yaya ta kira daga Landan ta ce a ƙara ruwa, ƙane ya shigo ya ce a rage, autar gida ta kawo maganin da ta gani a Facebook: haka ake rikita ma'aikaciya mai kyau.

Kafin ku sa hannu, takardar yarjejeniya ta faɗi sunan nas mai dubawa da lambarta da yawan zuwanta; ga mai kwance ko mai roba, sau ɗaya a mako shi ne mafi ƙaranci da zan yarda da shi. Ta faɗi cikin awa nawa za a turo mai karɓa in ma'aikaciya ba ta zo ba, da abin da za a mayar muku in ba a turo ba. Ta nuna an tantance ma'aikaciyar: lambar NIN, masu tsaya mata biyu da aka je aka ga gidajensu, takardar shaidar hali daga 'yan sanda, da gwajin lafiya musamman na tarin fuka. Ta bayyana abin da ke cikin farashi da abin da ba ya ciki, domin likitan gashin ƙashi, wankin gyambo, kayan aiki da ranakun Sallah da Kirsimeti galibi daban ake cajinsu. Ta faɗi abin da zai faru da kuɗin wata in an kwantar da dattijon a asibiti ko Allah ya yi masa rasuwa. Kada ku biya fiye da wata ɗaya gaba, ku nemi gwajin mako biyu, kuma cikin makonnin nan wani ya riƙa shigowa ba sanarwa a lokuta daban-daban, har da tsakar dare, ya duba diddige da ƙasan bayan dattijon da kansa.

Wanda aljihunsa bai kai zubi biyu ba, shawarar da ta fi ita ce ya sayi zubin dare na awa 12 in akwai mai zama da rana, ko na rana in 'ya'ya za su iya raba dare a tsakaninsu, sannan ya biya nas ta zo ta koya wa duk masu karɓar aikin yadda ake juyawa, ɗagawa da ciyarwa a gaban gadon, kowa ya gwada da hannunsa tana kallo.